Karfasar da Rana Ba Ta Kashewa

Hadijatu ta sa rariya ta kwaso waɗanda suka taso saman ruwa, cikinsu a sama. Ta kai su bayan rumbu inda ta binne na jiya, ta ja ƙasa da ƙafa ta rufe.

'Ya'yan karfasa ne, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, ƙyanƙyasar ƙarshe da mijinta Sada ya yi kafin ya kwanta ciwo. Baho huɗu ya bar mata a tsakar gidansu na Kwandiko, a ƙasar Gwaram. Yanzu saura biyu, ga shi ko takaba ba ta fita ba.

Ba kifin banza ba ne. Sada ya yi karatun kiwon kifi, ya dawo gida ya kwashe shekaru yana bin kududdufan wajen Maruta, yana tsinto karfasar da ke rayuwa a ruwan da in ka sa ƙafa da bazara sai ka janye. Masu kiwo daga nan har Basirka sun san aikin watan zafi, a wayi gari tafki ya yi fari fat da gawar kifi. Shi irin da rana ba ta kashewa yake son fitarwa. Ana tsokanarsa da likitan kifi, yana amsawa.

Ya sha yi mata bayani har ta haddace. Wai a jikin kowane kifi akwai ƙwayoyin halitta da ke barci kamar masu gadi. In zafi ya taho a hankali sai su farka, su sa jiki ya haɗa abin da zai kare tsoka daga lalacewa. Nasa kifin, masu gadinsu ba su da nauyin barci.

"Rana ba za ta ci su ba," in ji shi. "A dai bar su yadda suka saba."

Ciwon ciki ne ya ɗauke shi a farkon bazara. An kai shi asibiti a Birnin Kudu, aka ce sai an yi aiki, kada a ba shi ci ko sha kafin nan. Bai kai ga aikin ba. Mahaifiyarsa, Inna Turai, ita ce a gefen gadon har aka rufe masa fuska. Autanta ne, Auta kuma take ce masa. Tun da aka dawo ta daina magana, ta shige ɗaki, sai dai in an kai mata fura a ga bakin zanenta a jiƙe, a san ta fito alwala.

Hadijatu ta bar kifin yadda suka saba, a rana, kamar yadda ya ce. Da safe suna wasa, suna rububin abinci. Da azahar, lokacin da ko kaza ba ta yarda ta taka tsakar gida, takan shiga ɗaki ta ɗan kwanta. Da la'asar sai rariya.

Gidan gaba ɗaya kamar ya gaji da rashinsa. Ƙyauren zaure ya goce, akuya ta daina ba da nono, randar ma ta soma yoyo, a cika ta da safe, kafin la'asar ta koma rabi. Ba ta da mai gyara, ba ta kuma da zuciyar nema.

Zarginta ya sauka a kan maƙwabcinsu Maikuɗi, mai sayar da 'ya'yan kifi, wanda tun ba a yi sadakar bakwai ba ya aiko a tambaya ko za a sayar da bahunan. Katangarsa gajera ce, hannu zai iya miƙowa. Ta daina amsa gaisuwar matarsa, ta jawo bahunan nesa da katangar. Ba ta canza zani ba.

Ran da baho na uku ya ƙare, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ran jana'iza. Ji ta yi kamar mutumin nan kullum sake mutuwa yake, kaɗan-kaɗan, kuma a hannunta.

Ta kira Malama Nasiha, mai binciken da Sada yake kai wa samfurin kifinsa. Ta zo a kan babur, ta ɗebi ruwa da matattun, ta tafi. Bayan kwanaki ta bugo waya.

"Babu guba, Hadijatu. Kuma zafi bai taɓa su ba, ƙwayoyin da ke kare su duk a farke suke, yadda marigayi ya so. Sanyi ne ya kashe su."

"Sanyi, Malama? A Gwaram, a wannan watan?"

"Na farat ɗaya. Jikin da ya shirya wa zafi, in sanyi ya faɗo masa kwatsam, ba ya samun lokacin juyawa. Ki lura da su da tsakar rana."

Washegari da azahar ba ta kwanta ba. Ta tsaya bayan labule, ido a kan katangar Maikuɗi, zuciyarta cike da maganar da za ta faɗa masa. Katanga shiru. Ƙarar moɗa ta ji a bakin randa.

Inna Turai ce ta fito daga rumfa, ba takalmi a kan ƙasar da ke ƙuna, ta rungumo ƙwarya cike da ruwan randa yana zuba a zanenta. Ta durƙusa gaban bahon ƙarshe, ta karkata ƙwaryar a hankali yadda ake shayar da mara lafiya, ta yi maganar farko da aka ji daga bakinta tun Birnin Kudu.

"Sha, Auta, sha. Yau babu likitan da zai hana ni ba ka."