Bukkokin Hanyar Gaffati

"A ƙone su kafin bikin samun 'yancin kai," in ji shugaban majalisar gari. "Baƙi ba za su shigo Damagaram su fara cin karo da bukkokin kutare ba. Wa ya amince?"

Konseye Suma'ila, sabon wakilin unguwannin bayan gari a majalisar, ya riga kowa ɗaga hannu.

Washegari wani gardi, ɗan sandan gari, ya shigo zauren majalisa yana warin hayaƙi.

"Ranka ya daɗe, an gama. Duk sun watse, sai wata tsohuwa da cuta ta cinye wa ƙafafu. Mun yi mun yi ta ja jiki ta fita, ta ƙi, haka muka cinna wa bukkar wuta. Wai ɗanta konseye ne, ya ce kada ta motsa sai ya zo ya ɗauke ta."

Zaure ya kece da dariya.

"Suma'ila, ko taka ce?" in ji shugaba.

Suma'ila ya tuna furar da ya kai mata a ɓoye shekaranjiya. Ya fi kowa dariya, har da hawaye.

"Haba, ranka ya daɗe. Ai tawa ta daɗe da rasuwa."