Marubucin da Ya Gagari Aji

Kowace Litinin, malamin da ɗalibai ke kira Jan Biro yakan tsaya kan mai injin kwafi kamar mai gadin kurkuku. Sai ya naɗe kan takarda, ya naɗe gindinta, ya danne da hannunsa, sannan ya ce a buga sittin. Abin da ke tsakiya kawai ke isa aji.

Darasinsa shi ne yadda ake karanta hujja, a feɗe ta, a rubuta wadda za ta kashe ta. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya rubuta ta a allo tun ranar farko: kada ka taɓa ba abokin gardama gaskiya, ko da ya ce maka wuta tana da zafi.

Takardun duk na mutum ɗaya ne, wanda malam ke kira "wani marubuci". Ya ce suna musayar ra'ayi da shi, kuma martanin da ya fi kyau a aji shi yake tura masa. Shi ya sa ba a sa suna a jikin aiki, sai lamba a ƙaramar takarda daban. Wai don adalci. Wanda duk ya sa marubucin ya sauko, ya ci darasin. Sauran kuma kowa ya ji da kansa.

A kujerar gaba akwai wata da ake kira Reza, saboda bakinta. Sau biyu tana faɗuwa wannan darasi. Na uku kora ce, kuma babanta ya riga ya gaya wa duk abokan aikinsa cewa bana 'yarsa za ta gama.

Marubucin nan kuwa bala'i ne. Makon farko ya rubuta a kan shugaban da ke yanke hukunci shi kaɗai, sannan ya tara jama'a ya ce shawara yake nema. Mako na biyu, a kan mai alkawarin gyaran rufi damina uku, ruwa na zuba a kan na ƙasa da shi. Babu kalma mai nauyi ko ɗaya, amma kowace jimla da ranarta da shaidarta.

"Rufin nan tattalin arziki ake nufi," in ji malam. Aji ya duƙufa yana rubutawa. Wani mai gilashi har ya gano cewa bokitin da aka ambata majalisa ce. Aka tafa masa. Ilimi kenan!

Mako bakwai suna kai hari. Sun ce marubucin yana da son zuciya, sun ce ya cika ƙorafi, sun ce bai san nauyin mulki ba. Kowace Litinin amsa takan dawo ta yi musu kaca-kaca. Malam kuma sai ƙara masifa yake. Rigarsa ta daina ganin guga, ya rame, ofishinsa ya cika da ledojin burodi. Ɗalibai suka ce bincike ne ya sha masa kai.

Saura mako ɗaya, Reza ta baje takardun bakwai a kan teburin ɗakin karatu tana neman ɓaraka. Ta bi su layi-layi da fensir har idonta ya yi ja. Ba ta samu ba. Abin da ta samu ya fi ba ta haushi: mutumin nan gaskiya yake faɗa, kuma ba nasara yake nema ba, so yake a ji shi.

Ta ja tsaki, ta karya doka. Ta fara da cewa: "Ka yi gaskiya. An yi alkawari, ba a cika ba, kuma babu uzuri." Ta jera laifukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da "amma" ba. Sai a ƙarshe ta roƙi abu guda: a ba shugaban kwana talatin, a auna shi da aiki, ba da baki ba.

Da ta kai masa da kanta, Jan Biro ya karanta a gabanta, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ke! Wannan martani ne ko miƙa wuya?"

"Malam, mako bakwai muna cizo, haƙoranmu ne suka zube. A gwada lallashi mana."

"Ni za ki koya wa aikina?"

Ya ɗaga biro zai zabga mata sifili, sai ya tsaya. Ya dubi sauran takardun, duk zagin da aka saba ne. Ya linke tata ya sa a aljihun gaba, bai haɗa ta da na kowa ba.

Litinin ta ƙarshe malam ya makara. Ya zo da riga a goge, yana fara'a har da gai da masu shara. Ya miƙa wa mai injin takarda a naɗe, sai shugaban sashe ya kira shi. Mai injin, wanda ya daɗe yana jin haushin yadda naɗin ke cushe masa inji, ya warware ta sarai, ya buga sittin, ya aika aji.

Reza ta karɓi tata. Idonta ya faɗa tsakiya: "Wannan karon na sauko. Na ba da kwana talatin." Ta dafe ƙirji. Ta tsira.

Sai ta lura kowa a ajin ya zura ido a ƙasan takarda, inda ba a taɓa gani ba. Ta sauke nata idon.

"Sai dai, Baban yara, ka kwafe da hannunka amma ba kai ka rubuta ba. Shekara goma sha tara ina aurenka, ban taɓa jin 'kin yi gaskiya' a bakinka ba. Ka ba ɗan mutane makinsa cikakke, ka kira mai gyaran rufi, sannan ka zo gidan yayana ka ɗauke ni."