Mashawarcin Alhaji Kadiri

Alhaji Kadiri ya ture takardar da Asana ta ajiye masa, ko kallonta bai yi ba. Babban ɗan kasuwa ne a unguwar Nima, mai sayar da shinkafa da sukari da tumatirin gwangwani a kan sari. Asana kuwa ita ce kwanturolar kuɗin kamfaninsa. Ya ɗauke ta aiki ne don banki ya nace sai da mai takardar shaida, ba don yana ganin yana bukatarta ba.

Tun da ta fara zuwa kwas ɗin yamma na manyan akantoci ta fito da sabon hali. Ta ce masa aikin kwanturola yanzu ya wuce rufe lissafi a ƙarshen wata. Malamansu sun ce dole kwanturola ya riƙa hangen gaba, ya zauna inda ake yanke shawara. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tun ba a haife ta ba yake sayar da shinkafa, ta koma ofishinta ta ci gaba da danna na'urarta. Asana ta ce to, ta tattara takardunta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara ba shi shawara ba.

Shi dama yana da nasa mashawarcin. Malam Zuberu mahauci ne a kasuwar Malam Atta, dattijon da bai taɓa shiga ajin boko ba. Kullum bayan la'asar, in ya wanke teburinsa, yakan biyo ta shagon Alhaji su buga dara kafin ya hau motar Sabon Zongo. A da hirarsa ba ta wuce tsadar shanu da ciwon gwiwa. Amma a shekarun nan da darajar sidi, kuɗin ƙasar, ke ta faɗuwa, sai Allah ya buɗe masa basira.

Hali ɗaya gare shi, ba ya amsawa nan take. Duk abin da aka tambaye shi sai ya ce, "Bari in kwana da maganar, Alhaji." Washegari ya zo ya zauna, ya kafe ido a rufin kwano, ya jero shawara tiryan-tiryan. In aka katse shi kuwa, sai ya ɓata rai ya koma daga farko.

Da Alhaji ya so sayen sababbin manyan motoci, Zuberu ya kwana da maganar, ya dawo ya ce kada a binne kuɗi a ƙarfe. A yi hayar motoci, a cika sito da shinkafa tun sidi bai ƙara faɗuwa ba. Sidi ya faɗi. Wasu 'yan sari a Mamobi suka rufe shagunansu, siton Alhaji kuwa cike har baki. Da ya so buɗe reshe a Kumasi, Zuberu ya ce Tamale, inda babu masu gasa da yawa. Nan ma aka dace.

Duk lokacin da aka yi irin wannan nasara, Alhaji yakan leƙa ofishin Asana ya ba ta labari, ya ƙare da cewa ta ji fa abin da mahauci ya hango, ba kwas ba satifiket. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya ƙara masa basira.

Ana nan sai Alhaji ya fara tunanin amfanin biyan albashi ga wadda ba ta iya komai ba sai "to". Wata la'asar suna cikin dara ya gaya wa abokinsa abin da ya yanke. Ƙarshen wata zai sallami Asana, ya ba Zuberu ofishinta har da fankar da ke ciki, kuma shi zai riƙa raka shi banki ya yi wa manaja bayani baki da baki.

Ɗan darar da ke hannun Zuberu ya suɓuce. Ya ce zai kwana da maganar, ya tashi ko wasan bai ƙarasa ba.

Washegari ya zo idanunsa jajir. Ya kafe su a rufin kwano ya ce mahauci a teburinsa ya fi kyau. Kada a sallami yarinyar. A sa mata kujera a wurin shawara, a biya mata kuɗin jarrabawarta ta ƙarshe, a riƙa zuwa banki da ita. Ya sauke ido kamar ya gama, can ya zabura ya ce, a kuma ƙara mata albashi.

Alhaji sai da ya share ƙwalla. A zamanin nan a ce mutum ya ƙi ofis mai fanka saboda 'yar wani! Ya cika duk abin da aka ce, ko da yake manyan batutuwa har yanzu ba ita yake tambaya ba. A makon nan ma ya tambayi Zuberu ko ya buɗe sito mai sanyi na kifi, aka bar shi a kan sai an kwana da maganar.

Ran Juma'a bayan masallaci ya sayi shadda mai tsada ya nufi Sabon Zongo, don ya yi godiya yadda ta kamata. Bai taɓa zuwa gidan ba, wata mai sayar da koko ce ta nuna masa. Babban gida ne, mai ɗakunan haya a jere. Ya shiga zaure, ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya jiyo muryar abokinsa daga tsakar gida tana jero maganar kifi da tsadar lantarki, tana tuntuɓe tana komawa baya. Ya tsaya yana murmushi, yau ga shi yana jin yadda basira ke dahuwa.

"A'a, Baba, ka tsallake maganar janareto. In ba ka haddace kafin gobe ba, me za ka gaya wa Alhaji?" in ji muryar Asana daga tsakar gidan.