Daƙiƙa Huɗu a Ƙarshen Talla

Lamba arba'in da ɗaya aka miƙa masa a ƙofar banki, allon kuwa yana kan ashirin da shida. Baba Raɗa ya samu kujerar ƙarshen layi ya zauna, ya ɗora ambulan a cinya, ya buɗe ɗan flas ɗinsa ya kurɓi ruwan ɗumi. Yaran gidan hayarsu ne suka laƙaba masa wannan suna tun da muryarsa ta dishe wata bakwai da suka wuce, shi kuma ba shi da muryar da zai tsawata musu.

Takardu biyu ne a ambulan ɗin. Ɗaya ta asibiti ce: za a yi masa aiki a maƙogwaro ranar Litinin in ya biya kafin Juma'a. In bai biya ba, za a ba wani gurbinsa, alhali likita ya ce tsiron da ya fito masa a maƙogwaron ba ya jiran kowa. Ɗayar ta banki ce, layi uku kacal. Sun gode, sun duba, ba za su ba shi katin bashi ba.

Daga lasifikar da ke silin kiɗa ya taso, sai wata murya mai kauri, sumul kamar an shafa mata mai: "Ko kai wane ne, ko mece ce sana'arka, shigo da murmushi ka fita da katinka! Minti biyar kacal!" Daga nan muryar ta kwasa a guje, ta zazzago wasu kalmomi a cakuɗe, ta ɗauke ɗif. Kowane minti goma sai an maimaita. Matar da ke zaune kusa da shi ta ce ita dai wannan tallan ne ya kawo ta, mai muryar nan da jin sa ba zai yi ƙarya ba. Baba Raɗa ya sunkuyar da kai, ya sake kurɓar ruwa.

Da safe sai da matarsa ta raka shi har bakin ƙofa tana roƙo. "Baban yara, don Allah kar ka je ka ɗaga wa mutane murya." Dariya ya yi mata, irin wadda kafaɗa kawai ke yi.

Sai bayan awa biyu lambarsa ta fito. A teburin ƙorafi wata yarinya ce a bayan gilashi, ita ma da ganin idonta ta gaji da duniya tun kafin azahar.

"Baba, ɗaga murya kaɗan, ba na jin ka."

Ya kai bakinsa daidai hudar gilashin. "Ƙorafi na kawo, 'yata. Tallanku ya ce ko mece ce sana'arka."

Ta latsa kwamfuta, ta karanta ba tare da ta kalle shi ba. "A wurin sana'a ka rubuta sai an kira ka kake aiki. Ba albashi ke nan. Kuma wata bakwai ba abin da ya shigo maka."

"Shi ya sa nake neman katin. In an yi mini aikin nan zan koma sana'ata."

"Ai an faɗi sharuɗɗa a ƙarshen tallan, Baba. Ba mu ɓoye komai ba."

"Wa ke jin su?"

"Wannan kuma ba daga ni ba ne. Doka ta ce a faɗa, an faɗa."

Gaskiyarta, kuma wannan ne ya fi gajiyar da shi. Da rashin kunya ta yi masa da ya samu abin jin haushi ya tafi da shi gida. Ta turo masa fom ta ƙarƙashin gilashi, ta ce ya cike, za a ba shi amsa cikin kwana ashirin da ɗaya na aiki. Juma'a kuwa jibi ce. Ya nuna mata takardar asibitin. Ta karanta, a karon farko ta ɗago ta dube shi.

"Wallahi ni kaina shekara biyu ina jin tallan nan, ban taɓa kama kalma ɗaya a ƙarshensa ba. Bari in nemo maka a rubuce, ko da wata ƙofa."

Tana cikin tonon aljihun tebur kiɗan ya sake tasowa. Muryar ta yi alkawarinta, ta kwasa a guje. Yarinyar ta zaro takardar, amma kafin ta buɗe baki Baba Raɗa ya riga ta, a hankali, kalma bayan kalma.

"Sai mai albashin wata-wata, mai takardar shaida daga wurin aiki, wanda bai haura shekara sittin ba. Banki na da ikon hanawa ba tare da bayani ba."

Ta bi takardar da yatsa. Ko harafi bai kuskure ba.

"To, Baba, tunda ka sani, me ya sa ka nema?"

Bakinsa ne ya haddace sharuɗɗan, kunnensa bai taɓa saurara ba sai ranar da takardar hanawa ta zo. Ya ninke fom ɗin, ya ɗauki flas, ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, kunya da gajiya sun yi masa nauyi.

Shekara biyu ke nan, a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya mai bangon soso, sharuɗɗan nan sun ci daƙiƙa goma sha ɗaya a karatunsa na farko. Mutanen banki suka ce sun yi tsawo, jama'a za su ji. Sau goma sha huɗu ya maimaita a gaban makirfo har ya dunƙule su cikin daƙiƙa huɗu, suka tafa masa, ya koma gida yana yi wa matarsa alfahari cewa duk garin ba mai murya irin tasa.