Awon Hannun Hagu

Tela ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya shimfiɗa shi a kan gilashin kantin, ya danne inda ya yi alama da farce. Daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, inci shida da rabi. Ya tsufa yana auna kafaɗa da tsawon wando, amma bai taɓa auna tafin hannun mutum ba sai jiya. Shi ma a sace ya yi, lokacin da maganin rana ya sa autansa barci.

Mai kantin kayan kwamfutar, wata budurwa mai tabarau, ta yi murmushi. Ba ta taɓa ganin uban da ya zo sayen maus, wato linzamin kwamfuta, da awo ba. Yawancinsu mafi araha suke nunawa su ce a sa a leda.

"Na wasan gem," in ji shi. "Marar nauyi. Na hannun hagu."

Ta jero masa guda biyar, ta shiga bayani. Wani yaron kifa tafinsa yake yi gaba ɗaya a kai, shi yana son mai tudun baya. Wani tanƙwasa yatsu yake yi kamar ƙaguwa, shi gajere ya fi masa. Wani kuwa da bakin yatsu kawai yake tura shi, sai a nema masa ƙarami.

"Shi yaya yake riƙewa, Baba?"

Kalmar ta soke shi, don rabon da ya ji ta a gidansa an kwana biyu. Auta ya yi shekaru yana gem a kwamfutarsa, har abokansa na cewa ba mai ja da shi, amma Tela bai taɓa tsayawa a bayansa ya kalla ba. Abin da ya sani shi ne ƙarar danne-dannen da ke hana shi hutawa, da sakamakon jarrabawar da kullum ƙasa yake yi.

"Hagun bai koyi riƙo ba tukuna," ya ce.

Budurwar ta dube shi, ta gane, ta sunkuyar da kai. "Allah ya ba shi lafiya."

Tun da Auta ya dawo daga asibiti, Tela da kansa ya kwashe rigunan yaron, ya rage hannun dama na kowace, ya ɗinke bakin. Likita ya ce jini ya daɗe bai sauka hannun ba, da an kawo shi da wuri da ba a kai ga yankewa ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje, ana ce musu tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ciwo ya warke, amma bakin yaron bai buɗe ba. Yana magana da uwarsa, yana magana da yayarsa, har kyanwar gidan yana yi wa hira. Da Tela ya shigo sai ya juya wa ƙofa baya. Uwar ma ajiye wa mijin abinci take yi ta fice. Tela ba ya neman komai a duniyar nan yanzu illa yaron nan ya buɗe baki ya ce masa Baba, ko da sau ɗaya ne.

Budurwar ta ɗora wani baƙi a kan ɗan sikeli. Duka hannu biyu yana yi, ya dace da awon, kuma ya fi sauran rashin nauyi tunda ba batir a cikinsa. Ta warware wayarsa, doguwa mai saƙa, ta ja ta da ƙarfi don ya gani.

"Ba ta tsinkewa. Ko akuya ka ɗaure da ita sai ka dawo ka same ta."

Tela ya ja da baya har ya bugi kujera. "Marar waya."

Ta ce marar wayar ya fi tsada, kuma ya ɗan fi nauyi, ga hannun da bai saba ba.

"Marar waya, 'yata." Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali fanka na kaɗawa a kansa.

Da la'asar ya isa gida. Auta na zaune a gefen gado, kusa da tagar da Tela ya ɗinka wa labule mai kauri, wanda ya rufe ƙarafanta ruf. Kwamfutar na lulluɓe da tsohon zani, ƙura ta hau kai. Ya ajiye kwalin a kan gadon, ya koma bakin ƙofa ya tsaya kamar baƙo.

Yaron ya daɗe yana kallon kwalin. Daga baya ya matse shi a tsakanin gwiwoyinsa, ya yage ledar da haƙori. Tela ya miƙa hannu zai taimaka, sai ya fasa.

Auta ya kifa tafinsa a kai. Ya zauna masa daram, kamar an ɗinka masa. Ya danna sau ɗaya, ya ƙara dannawa. Ƙarar nan da a da take hau wa Tela kai, yau ta fi masa komai daɗi, har ƙwalla ta cika masa ido.

Sai yaron ya juya maus ɗin, ya duba gabansa, ya duba bayansa. Ya kifar da kwalin ya girgiza. Sannan ya ɗago ya kalli ubansa ido cikin ido, karo na farko tun asibiti.

"Baba."

Tela ya tako cikin ɗakin. "Na'am, Auta. Na'am."

"Wannan ba shi da waya." Ya ture labulen da dungulmin hannunsa, ƙarfen tagar ya bayyana. "In na ƙi tashi daga gem, da me za ka ɗaure min hannu a nan ka wuni a shago wannan karon?"