Wa'adin Kabarin Torsten

Takarda ce ruwan ɗorawa, ba ta kai tafin hannu ba, an manna ta a jikin dutsen kabarin, daidai ƙasan sunan Torsten Rautenberg. Wa'adin hayar kabarin na shekara ashirin ya cika. Idan dangi ba su sabunta ba, ranar Litinin za a cire dutsen, a baje ƙasar, a ba wani mamacin wurin.

Wiebke ta karanta har sau uku, furen da ta ɗauko tun daga Bremen yana hannunta. Juma'a ce, agogon coci ya buga goma da rabi, ofishin maƙabarta kuwa sha biyu yake rufewa ko sama da ƙasa za su haɗe.

Lindenfurt, inda maƙabartar take, gari ne da ba ya ƙaunar mai sauri. Lungu ne kan lungu, daɓen duwatsu masu santsi, ga baƙi sun tare hanya suna ɗaukar hoton gidajen katako kamar gobe za a rushe su. Ta kutsa tsakaninsu tana ba da haƙuri, ta isa ofis numfashinta na sarƙewa.

"Ke 'yar'uwarsa ce?" in ji Malama Pohl, mai kula da takardun maƙabarta.

"A'a."

"Matarsa?"

"A'a."

Matar ta leƙo ta saman tabarau. Ta ce sa hannun mahaifinsa kaɗai doka ta sani, kuma wasiƙa uku aka aika masa bai amsa ko ɗaya ba. Ta miƙo mata takardar sabunta wa'adin. "Sha biyu da minti ɗaya, ni da ke sai Litinin. Masu haƙa kuma bakwai na safe suke farawa."

Wiebke ta san gidan mahaifin sarai. Yana can saman gari, jikin tsohuwar ganuwa, matakala ɗari da wani abu. Shekara goma sha bakwai tana zuwa garin nan, duk ranar da mutuwar Torsten ta zagayo, tana wucewa ta ƙofar gidan kanta a ƙasa. Ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Me za ta ce musu? Tana da shekara goma sha tara abin ya faru, kuma sai da ta kwashe shekara uku tana tonon tsofaffin jaridu a ɓoye kafin ta gano sunansa da garinsu. Tun daga nan ba ta taɓa yin dariya ba tare da ta tuna shi ba.

A tsakiyar matakala wayarta ta yi ƙarar sha ɗaya. Ta tsaya, ta haɗiye ƙwayoyin maganinta ba ruwa, ta ci gaba da hawa tana dafa bango.

Egon Rautenberg, mahaifin Torsten, ya buɗe ƙofa da sanda a hannu. Tsoho ne dogo da ya rankwafa, bayansa kwalaye ne jere har rufi. Mako mai zuwa za a kai shi gidan tsofaffi.

Ya dubi furen kafin ya dubi fuskarta.

"Ashe ke ce mai furen. Har matata ta mutu tana cewa yaron nan budurwa ya ɓoye mana."

"Ban taɓa ganinsa ba, Baba," in ji Wiebke. Ta miƙa masa takardar. "Don Allah ka sa hannu. Shayarwa, shara, dasa fure, duk ni zan yi har ƙarshen raina. Kada ka bari su baje shi."

Tsohon bai karɓa ba. Fuskarsa ta sauya a hankali. Kowa a Lindenfurt ya san cewa motar da ta kaɗe Torsten a kan kekensa ba ta tsaya ba, kuma har yau ba a gano mai ita ba.

"Ba ki taɓa ganinsa ba, amma kin san ranar," ya ce. "Shekararki nawa a lokacin?"

"Sha tara. Baba, ka saurare ni..."

"Kada ki ƙara ce mini Baba! Fure? Da fure za ki wanke kanki?" Sandar ta daki ƙasa. "Rabona da sa hannu a kan wani abu na Torsten tun a asibiti, likitoci sun kewaye ni, yaron yana kwance jikinsa da ɗumi. Na sa, kuma ban sake barci mai daɗi ba. Yanzu ke ce za ki zo ki sa ni?"

Agogon coci ya buga sha biyu saura kwata. Ko da gudu za ta sauka, da ƙyar ta isa. Tsoro ya kama ta irin wanda rabonta da shi shekara ashirin. Wurin nan ne kaɗai take da shi a duniya da za ta durƙusa ta faɗi abin da ke ranta, ga shi zai tafi tana kallo.

"Su baje," in ji Egon, muryarsa ta karye. "Ƙasa ce kawai a can. Babu abin da ya saura na ɗana a duniyar nan, ko ƙwayar gashi."

Ya ja ƙofa zai rufe. Wiebke ta sa ƙafa ta tare. Furen ya zube, takardar ta faɗi. Ta cafko hannunsa da hannu biyu, yana fizgewa tana riƙewa, ta ɓalle maɓallin wuyan rigarta, ta danna tafinsa a kan dogon tabon da ya raba ƙirjinta biyu.

"Ba ni ce mai motar ba, Baba. A ranar ina kwance a wani asibiti ina jiran mutuwa, kai ka sa hannu aka yi mini dashe. Tsaya ka ji, zuciyar Torsten ce take bugawa."