Jerin Kekunan Sabiru

"Hajiya, jerin kekunan ɗinkin nan ke cinye mana lokaci," in ji Sabiru tela. "A fara da teburin yanka, sai ɗinki, sai masu maɓalli, guga a ƙarshe."

Hajiya Maiturare, mai masana'antar, ta ce a gwada. Firdausi, wadda Sabiru ya daɗe yana so, maɓalli take sawa. Sabon jerin ya ajiye kekensa dab da ita, kullum sai ya dame ta da surutu.

Aiki kuwa ya yi gudu, kayan Sallah suka fita da wuri.

Hajiya ta kira shi. "Kanka na ja, Sabiru. Gobe ka koma reshenmu na Mai'adua, ka zauna can ka gyara musu nasu jerin."

"Hajiya, shawarar wa ce wannan?"

"Ta Firdausi."